Rawar Motar Zaidu

Filingué, ranar Lahadi

Zuwa ga matata Basiratu,

Gaisuwa mai yawa. Ina fata ke da jaririya kuna lafiya, da Baba da Inna da duk mutanen Sanam.

Na san kin gama wankan jego, kin ɗaure kaya kina jirana. Na rubuto ne don wayar tana hannun Baba, kuma ina jin nauyinsa. Basiratu, motata ce ta sa ni gaba. Ina hawa gudron, titin kwalta, in taka ta, sai volan, wato sitiyari, ya kama rawa a hannuna har haƙorana na haɗuwa. Washegari kuma lafiya lau, kamar ba ita ba! Na rantse ba zan sa ɗiyata cikin motar da ban san ciwonta ba. Yau zan kai motar wurin maigidana Mamman, wanda ya koya mini tuƙi da gyara. Ki ƙara haƙuri.

Mijinki,
Zaidu

Filingué, ranar Alhamis

Basiratu,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarku, saƙonki ya iso, ya kuma ƙona mini rai. Wai Baba ya ce in na gaji da ku ne in fito fili in faɗa? Ni? Wallahi ko tuwo ba ya wuce mini.

Na yi ta kai motar garaji. Kin san Mamman, tun muna yaransa ba a shigar masa da mota da dauɗa, ya ce raini ne. Don haka kullum sai na biya famfon tasha an wanke ta fes, ciki da ƙarƙashi. Ya hau, ya tuƙa har bayan gari, ko motsi ba ta yi. Ya ɗaure kusoshin taya, ya duba birki, ya sauya tayar gaba. Jiya daga kasuwar Damana, bayan ruwan nan, ta sake kamawa, har wata tsohuwa cikin fasinjojina ta yi ta salati ta ce a sauke ta. Yanzu Mamman kallon mai taɓin hankali yake mini. Zama ya gagare ni, ina ta kewaya motar kamar akuyar da aka ɗaure.

Naki,
Zaidu

Filingué, ranar Asabar

Basiratu tawa,

Ina gaishe ku, ina fata kun tashi lafiya. Alhamdu lillahi, an gano!

Jiya na taso daga Damana tana rawa, na tarar babu ruwa a famfo. Haushi ya sa na wuce garaji da ita haka nan, duk taɓo. Mamman ya wanke ni tas a gaban mutane, sannan ya hau. Bai yi nisa ba ya dawo, ya durƙusa, ya zura hannu bayan taya, ya ɓamɓaro busasshiyar laka, guda ya kai curin fura. Ashe in na ratsa taɓo sai laka ta manne a gefe ɗaya na janti, ƙarfen da ke riƙe da taya, ta bushe, tayar ta rinjaya. Ni kuma don girmama shi nake wanke ciwon kafin ya gani! Ya yi dariya har da hawaye. Ni ban yi ba, kwanakin da na ɓata nake tunawa.

Gobe da hantsi ina tafe, in Allah ya yarda. Baba kuwa ni zan durƙusa gabansa da kaina. Abin da ke damuna ɗaya ne: rabona da yarinyar nan tun ranar suna. In na miƙa hannu ta ƙi ni ta yi kuka, don Allah kada ki karɓe ta da wuri. Ki bar mini ita ta gama kukanta a ƙirjina.

Mijinki mai ɗokin ganinku,
Zaidu