Jan Hatimin da Na Yage

Duwala, ranar Juma'a

Yaya Brahim,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, da Baba da Inna Iyatu. Yaya ƙafar Baba? Yaya kasuwa a Garwa?

Ni lafiya ƙalau. Har yanzu ina tallar na'urorin nan masu tsare intanet ɗin manyan kamfanoni daga ɓarayi. Sai dai wani ɗan abu ya faru.

Ranar Talata darektan wani banki ya tambaye ni me ke cikin na'urar. Ka san yadda Baba ya koya mana, ba a sayar da turmin atamfa sai an warware wa mai saye ya taɓa. Sai na ɗauko sukudireba na yage wani ɗan jan hatimi, na buɗe masa. Ashe ɗan jan hatimin da na yage shi ne garantinta. Banki ya fasa saye, masu ƙerawa kuma sun ƙi karɓa.

Mai kamfaninmu ya ƙwace wayata da takardar difloma ta, ya ce ran Litinin sai gaban jandarma. Shi ya sa na ba direban bas wannan takarda. Yaya, kwana uku ke nan abinci ba ya wuce mini. Don girman Allah, tana isowa ka nemi Kawu Bobbo. Tare suka yi makaranta da mai kamfanin, ya kira shi ya ba shi haƙuri.

Ka gaida matata Hindu, ka ce mata aiki na tafiya.

Kada Baba ya ji. Na san shi, cewa zai yi na yi daidai.

Ƙaninka,
Ilyasu