A Dawo Da Mishmisha

Lalla Zuhur, na fita kina barci, ban so in tashe ki ba.

An gano ciwon tasin. Ma'allam Bushta makanike ya kwanta ƙarƙashinta jiya da yamma. Sensar nan ta jikin salansa, mai shinshinar hayaƙi ta gaya wa inji yawan man da zai sha, ashe lafiyarta ƙalau. Ya jona mita, ya ga wuta ba ta kai mata, ya bi waya da hannu har ya iske inda aka gwaguye ta.

Ya ce, “Tuhami, ɓera ne ya yi walima a motarka. Ina kyanwarku?”

Na ce ai Mishmisha tana gudun hijira a gidan ƙanwarki, tun ranar da ta taɓa naman layyar da kika shanya a soro. Dariya ya yi ta yi har shayinsa ya zube.

Ya ɗinke wayar, ya naɗe ta. Jar fitilar gargaɗin da ke gaban direba ta mutu, baƙin hayaƙin ya ɗauke, inji sai ka ce sabo. Yanzu zan kai ta wurin masu gwajin hayaƙi. In ta tsallake, in sha Allahu, maganar sayar da ita ta mutu. Ki sa mu a addu'a.

Abu ɗaya nake roƙo: ki ɗauko Mishmisha yau, kafin ɓerayen su koma cin dare. Ita tsoka ɗaya ta ci mana. Su saura kaɗan su cinye mota.

Tuhami