Matacciyar Fijo ta Bakin Layinmu

Abbasiyya, Alƙahira
Maris, 2003

Zuwa ga Yayata Ummul-Khairi,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigida da yara. Yaya ƙafar Inna? Allah ya ƙara sauƙi.

Yaya, taya ni murna, mijina ya zama babban mutum. Masu shaguna a layinmu sun kafa kwamitin gyaran unguwa. Kowa zai riƙa ba da wani abu duk wata, a ɗauki masu shara, a sa fitilu, a yi fenti, wai don masu saye su ƙaru. Da suka duba babu baƙar fata a cikinsu, sai suka jawo Yakuba. Mutumin da ko risho bai iya kunnawa ba, yanzu da fayil a hammata yake yawo. Ni ke tuƙa tuwon sayarwa a shagonmu tun safe, shi yana can yana gyaɗa wa shugabansu, Hajji Hussain mai kujeru, kai. Ko atishawa mutumin ya yi, Yakuba sai ya ce tamam.

A gaida kowa.
Ƙanwarki, Zeinabu

Abbasiyya
Agusta, 2003

Yayata,

Ina gaisuwa. Yaya damina a Damagaram? Da fatan yara sun warware daga masassarar.

Raina a ɓace yake. Akwai wata matacciyar Fijo a bakin layinmu, babu taya, babu gilashi, kyanwoyi ke haihuwa a ciki. Ita ce alamar shagona. Ɗalibi ne, ɗan kasuwa ne, mai jinya ne, tun daga gida ake gaya masa ya sauka Abbasiyya ya nemi matacciyar Fijo, tuwon Zeinabu na bayanta. To, kwamiti ya ce ƙazanta ce, aka janye ta. Yakuba ne ma ya fara ɗaga hannu, kuma ya dawo yana ba ni labari da fara'a. Aka bi ƙofofi aka shafe su da kore iri ɗaya, aka cire allona na Hausa, wai ya ɓata tsari.

Layi ya yi kyau, ba zan yi ƙarya ba, kuma cinikin su Hajji Hussain ya buɗe. Nawa baƙin kuwa sai su yi ta zagaye da jaka har su gaji su ci wake a wani wuri. Jiya rabin tukunya na rabar. Na yi wa gogan magana, ya ce ma'alish, ci gaba sai da haƙuri. Idan shagon nan ya mutu, ban san da me za mu ci abinci ba, don fayil ba ya dahuwa.

Taki, Zeinabu

Arba wa Nus
Janairu, 2004

Yayata abin ƙaunata,

Gaisuwa da fatan alheri. Ki duba saman takardar, mun tashi.

Da layi ya yi daraja, mai gidan da muke haya ya ce warin daddawa na korar mutanen kirki, ya ba mai sayar da wayar hannu shagon. Kwamitin da Yakuba ke wa bauta ko uffan bai ce ba. Ranar bikin buɗe layi Yakuba aka ba wa gefen ƙyallen da za a yanka ya riƙe, daidai ƙofar da aka kore mu, yana washe baki a ɗauke shi hoto. Na yi kuka ranar, Yaya, ba don shagon kaɗai ba.

Wata Bahaushiyar Sudan, Awadiyya, ta ba ni gefen tsakar gidanta na ɗora tukunya. A nan babu fitila, babu mai shara, amma mutane sun fara gano ni. Ki gaya wa masu tahowa su tambayi gidan Awadiyya mai shayi.

Yakuba kuwa, duk Alhamis sai ya karɓi kuɗin mota a hannuna, ya goge takalmi, ya tafi Abbasiyya taron kwamiti, yana ba da shawara a kan layin da ba shi da ko ƙofa ɗaya a cikinsa.

Ki sa ni a addu'a.
Ƙanwarki, Zeinabu