Ranar da Muka Taka Iskandariyya da Ƙafa

Bronx, New York
Laraba, 12 ga Oktoba, 2016

Zuwa gare ka, sanyin idona, inuwar da nake fakewa in rana ta take, ruwan randata a tsakiyar bazara, maigidana, Baban Hasiya,

Assalamu alaikum. Sallamar da aka hana ni yi maka a bakin ƙofa ce na zuba a takarda. Adwoa, 'yar Kumasin nan da ke gyara maka gado da safe, ita za ta miƙa maka. Kada ka yi mata faɗa, ni na roƙe ta.

Yau kwana goma sha ɗaya ke nan da ka ce wa nas-nas ɗin gidan jinya kada su bar ni in hau wurinka. Kullum in na tashi aiki ƙarfe uku a Flatbush, bayan na gama ɗaga tsofaffin mutane ina kwantarwa, sai in hau jirgin ƙasa in sha tafiyar sa'a guda da rabi, in zo in zauna a kujera a hawan ƙasa kusa da lif, ina kallon lambobin bene suna kunnuwa suna mutuwa. Hawa uku ne tsakanina da kai. Hawa uku kacal, hasken raina! Ashe akwai nisan da ya fi na Zariya zuwa Amurka?

Ranar Lahadi amininka Malam Uwaisu ya zo gida. Ya zauna a bakin kujera yana juya hularsa a hannu, ya ƙi shan shayin da na zuba masa. Da ƙyar ya ce, "Maman Hasiya, mutumina ya ce in gaya miki yana so ya sauwaƙe miki. Wai da sauran ƙuruciyarki, bai ga dalilin da za ki ƙare ta a tura keken marasa lafiya ba."

Zan faɗa maka gaskiya, don ban taɓa ɓoye maka komai ba. Na gaji. Wata huɗu ke nan tun ranar da ɓarin jikinka na hagu ya shanye a wurin aiki, kuma tun ranar ban san barci mai daɗi ba. Bayana ciwo, ƙafafuna a kumbure, makon jiya barci ya kwashe ni a jirgi da yamma har sai da ma'aikaci ya tashe ni a tashar ƙarshe. Da Malam Uwaisu ya faɗi saƙonka, na ji wani abu ya sauka daga kafaɗata na ɗan ƙiftawar ido, kamar an sauke mini tulu. Sai kunya ta rufe ni, na shiga kicin na kunna famfo don kada ya ji kukana. A nan na tambayi kaina: in an sauke mini kai, me zan ɗauka? Ina zan kai waɗannan hannayen? Wa zan ba labarin yinina? Na gaji, gaskiya ne. Amma ban gaji da kai ba.

Ka tuna Iskandariyya, farin watana? Ka tuna Juma'ar nan ta watan Maris, wata biyu da ɗaurin aurenmu, kana shekarar ƙarshe a jami'a, ni kuwa baƙuwa ce da ba ta taɓa ganin ruwan da ya fi na dam ɗin garinmu ba? Ka tashe ni da asuba ka ce yau za ka nuna mini gari, kuma ba a mota ba, don mai shiga mota tagogi kawai yake gani. Muka fara daga ganuwar Kaitbai, wadda aka gina da farin dutse a bakin teku. Ka ja ni muka hau can sama, iska ta fizge mayafina, na leƙa na ga ruwa shuɗi ba iyaka yana dukan duwatsu yana tashi fari kamar audugar da aka yi wa shiɓa. Na ƙanƙame hannunka na ce, wa iyazu billahi, ina ƙarshensa? Ka yi dariya har da riƙe ciki. Wayyo wannan dariyar! Rabona da ita tun watan azumi.

Muka sauko muka bi ta inda masunta ke gyara koma, kwale-kwalensu kore da ja da shuɗi suna rausaya, fararen tsuntsayen teku suna shawagi suna kuka a kansu. Muka wuce masallacin Abul Abbas da ƙubbobinsa masu zane kamar an yi musu lalle. Ka saya mini wake da gurasa mai zafi, muka ci a tsaye a bakin katangar titi, gishirin teku yana sauka a leɓunanmu. Ka nuna mini sabon ɗakin karatu mai rufi a karkace kamar faifai, ka tsaya kana nemo mini haruffan duniya da aka sassaƙa a bangonsa, kana karanta waɗanda ka sani, kana ƙirƙiro ma'anar waɗanda ba ka sani ba. Ka yi sallar Juma'a a hanya, ni ina jiranka a inuwa ina shan ruwan rake. Muka haye gadar Istanli, teku a hagunmu duk yini, ba ta rabu da mu ba ko taku ɗaya.

A Sidi Bishir ƙafata ta ƙi. Takalmi ya cinye mini dunduniya, jini ya ɓata safata. Na zauna a kan dutse kusa da rijiyar nan da igiyar ruwa ke shigowa ta ƙarƙashinta tana huci, na ce maka wallahi ba zan ƙara taku ba, ka je ka ga lambun Muntaza da kake son kai ni, kai kaɗai. Na faɗa maka maganganu marasa daɗi. Na ce na yi nadamar biyo ka. Me ka yi, ya sanyin zuciyata? Ka tafi? Ka durƙusa a gaban jama'a, Larabawa suna kallo, ka cire mini takalmi, ka wanke ciwon da ruwan gorarka, ka yage hankicinka ka ɗaure. Ka zauna kusa da ni kusan sa'a guda. Da na huce, ka ce, "Firdausi, in kin ce mu koma, mu koma. In kin ce mu ƙarasa, mu ƙarasa. Amma ba inda zan je ke kina zaune a nan."

Muka ƙarasa. Ina ɗingishi, hannuna a kafaɗarka, muka shiga lambun Muntaza bayan la'asar. Dabinai a jere ba adadi, da wasu itatuwa masu ganye kamar allura da ƙamshi kamar turare, ciyawa shar, fadar tsofaffin sarakuna da hasumiyarta tana leƙen ruwa. Na kwanta a ciyawa na ji ƙasa tana juyawa da ni. Ban taɓa gajiya irin ta ranar ba, ban kuma taɓa jin daɗi irin nata ba.

To yau kai ne a zaune a kan dutse, kai ne kake cewa in tafi. Da wane ido zan dubi kaina in na tafi? Adwoa ta ce mini, da Hausarta ta zango, kwana biyar ka ƙi yarda a kai ka ɗakin motsa gaɓɓai, ka juya fuska bango, abinci ma sai an yi da gaske. Haba, maigidana! Kai da likita ya ce yatsun ƙafarka sun fara motsi? Kai da ka taka wannan Bronx ɗin lungu-lungu har 'yan masallaci suka sa maka suna Sarkin Tafiya? In kunya kake ji don na ga an ɗaga ka an ajiye, ka sani aikina ke nan kullum a kan iyayen wasu da ban sani ba. Zan yi wa baƙo, in kasa yi wa wanda ya ɗaure mini ƙafa a bakin teku? Hasiya kullum sai ta tambaye ni yaushe Dadi zai dawo. Ina ba ta amsa da Hausa, tana sake tambayata da Turanci, kamar ko a wancan harshen amsar za ta canza.

Ga abin da ban gaya wa Malam Uwaisu ba. Na samu gida a Soundview, a ƙasa, babu bene ko ɗaya, ƙofarsa kuma keke zai shige. Na sa hannu ranar Litinin. Littattafanka suna cikin kwalaye, ƙarshen wata za mu tashi. Akwai wurin shaƙatawa kusa, mai ciyayi da agwagin ruwa, a inda kogi ke buɗewa. Ba shuɗi ba ne, ruwan toka ne, wani lokaci ma yana wari. Na je da kaina na auna: daga ƙofarmu zuwa benci na farko a bakin ruwa, taku ɗari huɗu da goma sha biyu ne. In a keke ne, zan tura ka. In da sanda ne, zan riƙe ɗaya hannun. In shekara za mu yi kafin mu kai, ina da shekarar.

Saƙonka na mayar maka, ban karɓa ba, kada kuma ka sake wahalar da bawan Allah da irinsa. Gobe Alhamis ƙarfe huɗu da rabi zan iso da dambun da kake so. Ka ce su bar ni in hau, ko minti biyar ne, ko ba za ka dube ni ba. In ka ƙi, zan ba Adwoa kwanon, in dawo jibi.

Allah Ya ba ka lafiya, Ya ba ni ƙarfi, Ya bar mu tare.

Taka a lafiya, taka a ciwo, taka har ranar da za a ɗauki ɗayanmu,

Firdausi