Na Sa wa Kifin Ukasha Alif

Baba, barka da tashi.

Na tarar ka koma barci bayan asuba, ban so in tashe ka ba. Na tafi garin Kafin Maiyaƙi, sai la'asar.

Kafin ka shiga ɗakin marigayi Ukasha, gara ka ji daga gare ni. Tun rasuwarsa ba wanda ya taɓa akwatin gilashin da yake kiwon kifi a ciki. Gansakuka ta rufe shi, ruwan ya koma kore shar. Kullum ina ganinka kana leƙawa, ba ka ganin komai. Jiya da yamma sai na jefa alif, yadda muke yi wa ruwan dam a randa. Ashe ba a yi wa kifi haka.

Da safen nan na tarar duk sun mutu, in ban da ƙaramin jan nan. Yana cikin farin kwano a bayan ƙofa. Don Allah kada a ƙara masa ruwan randa, shi ma da alif a ciki. A ɗebo na rijiya.

Ka yafe mini, Baba. Ruwan dai ya yi garau, ana gani har ƙasa. Ba komai a ciki.

Ramla