Yatsun da Ba Su Fito Ba

Zuwa ga mahaifina, Malam Audu mai lambu.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa ta ladabi irin wadda kuka koya mana, ina fatan kuna cikin rahamar Ubangiji a makwancinku. Mu nan lafiya lau, sai gwiwa da ta fara yi mini gardama, don yanzu na zarce shekarun da kuka yi a duniya.

Abin da ya sa na ɗauki biro, shekaranjiya na ji a rediyo mutanen wani ƙauye sun haɗa takarda za su yi wa ɗan majalisarsu kiranye, wai a dawo musu da shi gida saboda ya bar su ba hanya ba ruwan sha. Jikokinku suna ta mamaki kamar yau aka fara. Na ce da su kakanku ya yi wannan tun zamanin farar hula na Fijo. Na ba su labarin, amma na tsallake wani wuri. Wurin ne nake son mu yi maganarsa da ku.

Kun san lambunku ba sai na kwatanta muku ba. Kadada ce 'yar kaɗan a bakin rafi, bayan Challawa, da jigo guda da kuke ja tun hantsi. Albasa, latas, karas, tumatir. Da ita kuka ciyar da mu, da ita kuka sa ni firamare lokacin da maƙwabta ke cewa kun yi asarar hannu ɗaya a gona.

Sai kamfanin fata ya zo ya kafa a saman rafin, ya saki lambatunsa a ciki. Ruwa ya koma wani ja-ja baƙi-baƙi, ga wari har cikin tuwo. Shekarar farko gefen latas ya ƙone. Ta biyu albasa ta ƙi yin kai. Hannuwanku kuwa, da kullum suna cikin ruwan nan, suka dinga saɓa suna tsagewa, Inna tana shafa muku man shanu. Ni a lokacin ina cikin kamfanin, ina aikin tankifa, wato mai rubuta zuwan ma'aikata. Ina zaune a wata 'yar taga a bakin ƙofa, kowa ya zo da safe ya dangwala yatsa a littafi a gabana. Hannuna bai taɓa shiga ruwan jima ba, kuma kuna alfahari da hakan.

Da siyasa ta zo, Sabo ya fito takarar majalisar jiha. Sabo ɗan amininku, wanda ya girma yana tuge muku karas kuna kawar da kai. Ku kuka riƙe hannunsa gida gida. Alkawari ɗaya kuka nema a wurinsa, a karkatar da lambatun nan ya daina bi ta rafi. Ya dafa ƙirji ya ce kafin a ci sabon gero an gama.

Aka ci sabon gero sau uku. Sabo ya tare a Hotoro, gida mai ƙofar ƙarfe. Kuka dinga hawa keke tun daga ƙauye, maigadi yana ce muku Onarabul yana zama a majalisa. Na tuna ranar da kuka dawo kuka jingine keken kuka ce, "Zama kuma? Mu da muka aike shi, shi kuma ya je ya zauna!"

Ranar wata Juma'a bayan la'asar kuka tara mutane a gindin tsamiya. Kuka ce aikensa muka yi, ya daɗe, a kira shi ya dawo a tura wani. Gwaggo Tabawa, yayarku, da ta ji ana maganar kira, sai ta aiko daga cikin gida wai in kiranye ake so a bar mata, a samo mata sabon tulu kawai ta kira sunan yaron a ciki, ko a Makka yake sai ya taho a guje. Aka yi dariya, kuka ce a fara gwada na takarda tukuna.

Sakataren jam'iyya ya ce muku doka ba ta buɗe wannan ƙofar ba, amma in kuka kawo yatsun jama'a, jam'iyya za ta zaunar da shi, ko ya gyara ko ya sauka. Shi ke nan, kuka sayi takardar fulsikaf da soson tawada. Ni na rubuta ƙorafin, ni nake rubuta suna, mai suna ya dangwala a gefe. Inna ke shiga da takardar wurin matan kulle. Sati biyu muna wannan yawo, ba wanda ya ce a'a a ƙauyen.

'Yan ƙauyenmu da ke aiki a kamfanin ma sun dangwala, duk da helma, shugaban leburori, ya bi su ɗaya bayan ɗaya ya ce duk ma'aikacin da aka ga sunansa a takardar nan, ya nemi wata ƙofar. Ilu, wanda ke aikin jiƙa fata a rami, shi ya fara miƙo hannu. Ya ce shi ma rafin nan 'ya'yansa ke sha. Ni kuwa na ce muku mai rubutu shi ke rufewa, zan sa nawa a ƙarshe. Na yi sabon aure, na kama ɗaki a Dorayi, kuma ina son tagar nan tawa ƙwarai. Aka kai ƙarshen takarda na ninke ta ban sa ba.

Mu uku muka je ofishin jam'iyya, ku da ni da Ilu. Kun sa farar rigarku ta Idi. Sakatare ya saka tabarau ya dinga buɗa shafi yana ɗaga takardar wajen haske. Can ya ajiye ya ce, "Malam Audu, ku ji tsoron Allah. Wannan ai ba yatsu ba ne. Mutum ɗaya ya zauna ya yi ta ɗiga tawada."

Na leƙa. Wallahi Baba, sai a lokacin na lura. Shafin mata ya fito raɗau, kowane yatsa da zanensa. Amma shafin masu lambu da na ma'aikata, baƙin tabo ne kawai a jere. Ruwan ya cinye zanen yatsunku kaf. Kullum ina ganin irinsu a littafina na kamfani, ban taɓa kawo komai a raina ba.

Kuka miƙa masa hannu biyu a kan tebur, kuka ce, "Ga su nan, duba da kyau. Da su muka zaɓe shi, ranar ba wanda ya ce ba su fito ba." Ilu ma ya nuna nasa, babban yatsan sumul kamar bayan ludayi. Ya ce abin da ya shafe su shi muka zo ƙara a kai.

Sakataren dai ba mutumin banza ba ne gaba ɗaya. Ya ce shi ba zai iya shiga gaban shugabanni da tabo ba, za a ce ƙagen 'yan hamayya ne. Amma cikin ma'aikatan kamfanin, in mutum ɗaya tak zai dangwala a gabansa ya fito sosai, ya sa sunansa da lambar aikinsa a matsayin shaida, to shi da kansa zai kai takardar gaba. Ya turo soson tawada tsakiyar tebur.

Ilu ya gwada sau uku. Tabo, tabo, tabo.

Ni ina tsaye a bayanku, ma'aikacin kamfani mai lamba, da yatsa lafiyayye. Hannuna yana cikin aljihu, kuma can ya zauna. Na san kafin gobe da safe sunana zai isa teburin manaja. Ilu ya waiwayo ya dube ni. Ku ba ku waiwayo ba. Kuka tattara takardunku, kuka daidaita bakinsu a kan tebur, kuka ce, "To, mun gode. Habu, mu tafi, rana na yi."

A hanya da muka zo Zawaciki, kuka tsaya kuka ce in duba muku tayar bayan keken kamar ta yi sanyi.

Sauran kun sani. Ba a daɗe ba sojoji suka karɓi mulki, aka rufe majalisa, Sabo ya dawo ƙauye da ƙafarsa. Gwaggo Tabawa ta rantse tulunta ne ya yi aiki. Lambatu dai bai motsa ba. Ilu aka sallame shi a watan, don sunansa yana takarda ko da yatsan bai fito ba. Lambun ya mutu a rani na gaba, ƙasar ta yi fari, ko ciyawa ba ta yarda ta fito. Kuka kwance jigo kuka kawo itacen gida, Inna ta yi girki da shi.

Ban sani ba ko da na dangwala za a karkatar da ruwan. Na sha gaya wa kaina ba abin da zai canja, kuma mai yiwuwa gaskiya ne. Amma ba don na san haka na ƙi ba. Tsoro na ji.

Baba, bari in ce maka kai yau, ban taɓa ba. Abin da ya fi ci mini rai ba ranar ofis ba ce. Bayan lambun ya tafi, ka zo ka nemi aikin share harabar kamfanin, aka ɗauke ka, kana da furfura. Shekara shida kana zuwa tagata kowace safiya, kana bin layi a bayan yaran da ka girmi iyayensu. In ka iso sai ka ce, "Akawu, an tashi lafiya?" Ni in turo maka soso, ka dangwala wannan baƙin tabon a gefen sunanka, in ja layi in rubuta ka zo. Kamfani bai taɓa cewa bai fito ba, ko sau ɗaya. Kai kuma ba ka taɓa ɗaga maganar ba, ko da ido. Na yi ta jiran ka yi mini faɗa in samu in ba ka haƙuri, har muka kai ka makwanci ban samu ba.

To ga shi na kawo, a makare. Ka yafe mini, Baba. Na ji kunyarka shekara shida ta taga, kuma ina ƙaunarka fiye da yadda bakina ya iya faɗa a lokacin.

Allah Ya jiƙan ka, Ya haskaka kabarinka, Ya haɗa ka da Inna a Aljanna Firdausi, Ya shayar da kai daga ruwa mai tsarki. Allah Ya jiƙan Ilu, shi ma na je wurin 'ya'yansa na faɗa musu. Idan tamu ta zo, Allah Ya sa mu cika da imani.

Ni ne ɗanka,
Habu tankifa.