Kitson da na tsefe a gidan Baba mai kujeru

Assalamu alaikum Anti. Don Allah ki taimake ni da shawara, kuma ki hanzarta, domin matar da zan ba ki labarinta likitoci sun ce kwanakinta ba su da yawa, ni kuma an rufe mini ƙofar gidanta ban san laifin da na yi ba.

Ni makitsiya ce. Shekara talatin da ɗaya ina wannan sana'a, kuma ba yabon kai ba, a layinmu babu wadda ke tsaga kai kamar ni. Da bayana ya fara ciwo na bar wa 'yata shagon, zaman gida kuma ya ishe ni, sai na shiga wata ƙungiyar 'yan sa-kai da ke zuwa gidajen marasa lafiyar da asibiti ta sallamo su ƙarasa kwanakinsu a gaban iyalansu. Ba mu ba da magani, wannan aikin nas ɗin ƙungiya ne. Namu shi ne mu zauna da mara lafiya, mu juya shi, mu canza zanin gado, mu ba mai jinya dama ya ɗan runtsa ko ya leƙa kasuwa. Gida huɗu na riƙa har Allah ya karɓi abinsa, kuma babu inda na fito ba a sa mini albarka ba. Sai wannan na biyar.

Wata dattijuwa ce, ina ce mata Mama, ciwon daji ya ci hantarta. Mijinta, Baba, mai saƙar kujeru ne da igiyar roba. Rumfarsa tana ƙofar gida, kuma tun da Mama ta kwanta akwai wata kujera a ciki da ya saƙa rabi ya bari. 'Yarsu ɗaya ce, tana aure a gari mai nisa, ga tsohon ciki. Don haka Baba ne komai. Shi ke ɗaga Mama, shi ke yi mata wanka, shi ke ba ta abinci da ƙaramin cokali. Mutum ne da ya haura saba'in, Anti. Da idona na ga yana dafa bango kafin ya miƙe, wata rana kuma na tarar ya yi barci a zaune da rana tsaka, ruwa ya ƙone a tukunya.

Ranar farko da na je, na zame wa Mama ɗankwali don in goge mata wuya, sai na ga abin mamaki. Wasu manyan kitso guda uku, a karkace, tsagar kamar hanyar tururuwa, an ɗaure bakin kowanne da guntun igiyar roba shuɗiya. Ni bakina ba ya da linzami, wannan na sani. Na yi dariya na ce duk wanda ya yi wannan aika-aika ya kamata a kai shi kotu. Mama ta yi ta dariya har tari ya sarƙe ta, ta ce in bar shi, ai ba ya yi mata zafi. Baba yana tsaye da kofin magani. Na tsefe abin, na yi mata ƙanana masu sauƙi, ban ja ko gashi ɗaya ba. Na nuna mata madubi, ta ce ta gode.

Da na dawo bayan kwana uku, an tsefe nawa, igiyoyin nan uku sun dawo. Na ce a raina wata 'yar maƙwabta ce ke koyon hannu a kan baiwar Allah. Na sake tsefewa na gyara. Haka muka yi ta yi, ina yi ana warwarewa, har sau huɗu. A na ƙarshen raina ya ɓaci, na ce wa Baba ya gaya wa mai wannan aikin ta cire hannunta daga kan Mama tun da ga gwana ta zo. Akwai wani tsohon mataji a kan taga, rabin haƙoransa sun zube, na jefa shi a kwandon shara na ajiye musu sabo.

Zuwana na gaba Baba ya tare ni a bakin ƙofa. Ya gaishe ni da mutunci, ya yi godiya, ya ce kada in ƙara wahalar da kaina, sun hutar da ni. Har tsohon matajin ya tsinto, ina hango shi a aljihun gabansa tare da fensir, kin ji taurin kai irin na tsofaffi. Ya kuma buga wa shugabarmu waya ya ce a cire sunansu.

Yau kwana tara ke nan. Shugaba ta ce dokarmu ce, in iyali suka ce a'a, to a'a ne. Amma ni na san abin da na gani. Baba ba zai iya shi kaɗai ba, wata rana zai faɗi da ita a hannu. Kuma ba zan ɓoye miki ba, abin ya yi mini ciwo, ina son matar nan, in na tuna hirarmu sai hawaye. Ina da lambar 'yarsu. Ina ganin in kira ta in gaya mata gaskiya, ita ta sa uban nata ya buɗe mini ƙofa. Ko in je in zauna a bakin gidan har ya ji kunya? Ni dai na san alheri na yi. Ki nuna mini inda na kauce in akwai.

Daga Makitsiyar da aka mayar daga ƙofa.

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Allah ya saka miki da alherin wannan aiki, ba kowa ke iya shiga ɗakin da kuke shiga ba. Yanzu ki gyara zama, domin abin da zan faɗa zai yi miki nauyi. Wanda kika ce a kai kotu shi ne wanda yake tsaye da kofin magani.

Duk amsar tana cikin wasiƙarki. Gidan mutum biyu ne. An ɗaure kitson da igiyar roba, ga mai sana'ar igiyar roba a gidan. Mataji ya fita daga kwandon shara ya koma aljihunsa. Babu wata 'yar maƙwabta. Ke dai shekara talatin mata kike gani suna kitso, shi ya sa tunaninki bai je kan namiji ba, shi kuma dattijo ne, ba zai buɗe baki ya ce wa baƙuwa shi ke yi wa matarsa kitso ba, balle bayan an yi masa dariya.

Ki duba sauran ayyukansa. Wanka, ɗagawa, magani, goge amai, duk na ciwo ne. Kitson nan kaɗai ne ba na ciwo ba. A nan ne take komawa matarsa, kanta a cinyarsa, ba mara lafiyar da yake jinya ba. Sau huɗu kina tsefewa, sau huɗu yana mayarwa, kuma ki tuna kan na Mama ne, da ba ta so da ba a taɓa shi ba. Ta ma gaya miki tun ranar farko ki bar shi. Ba ki ji ba ne, don hannunki ya riga kunnenki.

Ban ce kin yi mugunta ba. Kin ba da abin da kika fi iyawa, kuma a wani gidan da an gode miki har abada. Kina da gaskiya kuma a kan lafiyar Baba. Mai jinyar da ke barci a zaune yana bukatar taimako ko ya yarda ko bai yarda ba, kuma rufe ƙofa gaba ɗaya kuskure ne da zai iya cutar da su biyun. Amma gidansa ne, kuma zuciyarsa ce aka taɓa.

Kada ki kira 'yar a bayan idonsa. Za ki ɗaga hankalin mai tsohon ciki, ki mayar da uba abin ƙara a wurin 'yarsa, ki shiga gidan da ƙarfi ki tarar babu mai yi miki magana. Zama a bakin ƙofa ma ki manta da shi. Yau ɗin nan ki je wurin shugabarku ki ba ta labarin yadda kika ba ni, har da tukunyar da ta ƙone. Nas ta kai ziyara ta duba Mama, ta duba bayan Baba, ta nuna masa yadda ake ɗaga mutum ba tare da an ji rauni ba. Ita ce kuma za ta tambaye shi ko a sanar da 'yarsu halin da ake ciki.

Sannan ki nemi izinin zuwa sau ɗaya. Ki bar jakar kitsonki a gida. Ki tsaya a rumfar, ki ce masa kin gane wanda ke yi, kin ji kunya, ya yafe miki. Kada ki tsawaita, kada ki kare kanki, kada ki ce za ki koya masa sai in shi ya nema. Ki tambaye shi aikin da ya fi gajiyar da shi, ki ce wannan kike so, wanki ne ko zaman awa biyu ya samu ya kwanta. In ya ce a'a, ki roƙe shi ya karɓi wata daga cikinku. Abin da ake nema a shiga gidan a taimaka, ba lallai sai ke ba, kuma na san wannan ne zai fi yi miki zafi.

Ina da yaƙinin zai buɗe. Mutumin da ya sallame ki da godiya bai tsane ki ba, kare abinsa yake yi. In Allah ya sa kin sake zame wa Mama ɗankwali kika ga igiyoyin nan uku, ki goge mata wuya, ki mayar da ɗankwalin yadda kika same shi. Da wannan kitson take so ta tafi.

Allah ya sassauta mata, ya ƙarfafa Baba, ke kuma ya ba ki ladan niyyarki.